Dokin da Sambo Ya Taɓa

Sambo ya sake tura soja gaba, 'yan kallo suka yi guɗar mamaki, Malam Sirajuddeen ya ji kamar an watsa masa barkono a ido. Shekara tara shi ne gwanin darar Turawa, wadda ake cewa ces, a Gwandu. Ga shi a wasan ƙarshe na gasar Kalgo, wadda kowa ke iya shiga, yana zufa a gaban Sambo, mai sayar da maganin shanu daga Dalijan. Abin takaicin ma, shi ya koya wa Sambo wasan bara, kuma a babur ɗin Sambo suka zo da safe.

"Bafillatanin nan akwai kai!" in ji wani a bayansa. Shi ba a taɓa faɗa masa haka ba. Hassada ta cika masa ciki.

Sambo da darar ƙasa ya saba, inda mutum ke shafa 'ya'yan dararsa yana tunani. A gasa kuwa, abin da ka taɓa shi za ka matsar. Sirajuddeen ya san da dokar, ya daɗe yana ganin halin, bai taɓa cewa uffan ba.

Yatsan Sambo ya sauka kan doki, ya ɗan shafa shi, sannan ya nufi sarauniya.

"Alƙaliya!" Sirajuddeen ya ɗaga hannu. "Ya taɓa doki."

"Mi na yi, Malam?" Sambo ya tambaya.

Hauwa'u, alƙaliyar wasan, ta yi masa bayani. Ya matsar da dokin, sarauniyarsa ta tafi a banza, wasan ya bi ta. Aka miƙa wa Sirajuddeen kofi. Tafi biyu aka yi, mutane suka koma kewaye da Sambo suna jera allon, suna nuna yadda da zai ci.

Da la'asar Sirajuddeen ya fito zai nemi mota, sai ga Sambo a bakin ƙofa, babur na aiki.

"Hau mu tahi, Malam."

Ya hau, kofin na tokare masa ciki. Suka kama hanya. Dab da Gwandu Sambo ya rage gudu, ya waiwayo, babu ko alamar fushi a fuskarsa.

"Malam, da sauran dokar da ba ka koya min ba? Baɗi ma zan shiga."