Jakar Mutum Ɗaya

Malamin jogirafi ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana zana tsaunuka a allo, har ɗalibai suka laƙaba masa suna Taswira, suna faɗa a bayan idonsa, masu ƙarfin hali kuma a gaban idonsa. Abin da ba su sani ba shi ne, duk dutsen da ya taɓa takawa da ƙafarsa, matarsa ce ta ja shi. Ita tela ce. Zaman gaban keke yana sa ta ji kamar an ɗaure ta, don haka da an ba da hutun makaranta sai ta rufe shago su nufi duwatsu, kowa goye da jakarsa. Tana tafiya, yana haki yana yi mata bayanin irin dutsen da suke takawa, bayanin da ba ta taɓa roƙa ba.

Bana likita ya ce zuciyarta ta gaji. Ya hana ta gishiri, ya hana ta ɗaukar kaya, ya hana ta hawan bene. Malam ya rubuta duka a takarda kamar mai ɗaukar darasi, ya kwana uku yana nazari, sannan ya fito da tasa fahimtar. An hana ta ɗaukar kaya, to shi zai ɗauka. Maganar bene kuwa, bene daban dutse daban, wannan fanninsa ne, ya fi likita sani. Abin da ya rage kawai a sami jaka guda babba da za ta ci kayan mutum biyu, hutun nan su hau kamar kullum. Da ya gaya mata, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "To, mu je a duba."

Shagon kayan tafiyar dogo ne, matsattse, yana warin sabuwar roba. Jakunkunan goyo rataye a bango tun daga ƙasa har rufi, a tsakiya kuma ga benci na masu gwada takalma. Matar ta wuce kai tsaye ta zauna a kai. Mai shagon wata gajeriyar mace ce sa'arsu, da tef ɗin awo rataye a wuya. Telar ta kalli tef ɗin, mai shagon ta kalli yatsun telar, suka gaisa kamar sun taɓa sanin juna.

"Wacce ta fi girma nake so," in ji Malam, yana nuna wata ja can sama mai takardar rangwame. "Waccan."

"Lita saba'in da biyar take ci. Ƙaura za ka yi, Malam?"

"Kayan mutum biyu za ta ɗauka."

Mai shagon ta saci kallon benci. Matar tana gyara bakin mayafinta.

"Bari in auna ka tukuna. Jaka ba a sayenta da ido. Sunkuyar da kai."

Ya sunkuyar. Ta laluba bayan wuyansa har ta sami ƙashin nan da ke turowa, ta dafa bakin tef a kai, sannan ta shiga neman saman ƙashin kugu ta gefe da gefe. Neman ya ɗan ɗauki lokaci.

"Yana da shi," in ji matarsa daga benci. "Ki ci gaba da tonawa, yana can ƙarƙashin tumbin. Na taɓa ganinsa lokacin muna sabon aure."

"Uwargida, a rufa mini asiri, a cikin mutane muke."

Mai shagon ta duba tef. "Santimita arba'in da huɗu. Bayanka gajere ne, Malam. Tsawonka duk a ƙafa yake. Jar nan ta masu dogon baya ce."

Ya ji zafin maganar fiye da yadda ta kamata. Mutum ya kai shekara hamsin da uku yana ɗaukar kansa dogo, sai a wuni guda a gaya masa rabinsa ne kawai dogon. Ya ce a sauko da ita duk da haka. Mai shagon ba ta yi musu ba. Ta sauko da jakar, ta cika ta da ƙananan buhunan yashi da take ajiyewa don gwaji, kilo ashirin, ta taimaka masa ya goya.

Madaurin kugun ya sauka ƙasa da inda ya kamata, na kafaɗa kuma suka tsaya a sama, har ana iya zura hannu tsakaninsu da rigarsa. Jakar tana jan sa baya kamar wani ya kama kwalarsa. Ya taka zuwa ƙarshen shago ya dawo, hannu a aljihu, yana ɗan fito don a ga ba komai.

"Yaya?" in ji mai shagon.

"Kamar auduga."

"Audugar ce ta jiƙa maka goshi haka?" in ji matarsa. "Sauke, miƙo mini ita nan."

Aka zazzage yashin. Ta ɗora jakar a cinya, ta juya cikinta waje kamar yadda take yi wa duk rigar da aka kawo mata gyara. Ta bi ɗinkin da farce, ta ja inda madaurin kafaɗa ya haɗu da jiki, ta ɗaga yadin ta kalli fitila ta cikinsa.

"Layi ɗaya ne, ko bi na biyu ba su yi ba. Bakin yadin ma ba a naɗe ba, zai fara zarewa. Zif ɗin kuma na jakar makaranta ne. 'Yar'uwa, kin san dalilin rangwamen nan."

"Na sani," in ji mai shagon. "Shekara biyu, in an lallaɓa ta."

"To wa ya ce shekara biyu muke nema?" in ji Malam. "Tafiya ɗaya ce. In ta kai mu ta dawo da mu sau ɗaya, ai ta gama aikinta."

Sai da maganar ta fita ya ji ta. Ya tsaya da baki a buɗe, yana neman wata da zai ɗora a kai. Mai shagon ta juya ta shiga gyara wasu gorunan ruwa da suke jere tun farko.

Matarsa ta mayar da jar jakar daidai, ta ajiye a gefe. "Ɗauko mini koriyar can ta ƙasa."

Lita arba'in ce, ba ta da wani ado. Ta juya ta kamar ta farko, wannan karon ta daɗe. Ɗinki layi biyu, an maimaita shi a duk inda nauyi ke ja. Gindin yadi biyu ne. Ta buɗe zif ta rufe sau huɗu tana sauraron ƙararsa, ta matsa soson madaurin kugu ta ga ya dawo.

"Wanda ya ɗinka wannan yana tsoron Allah. Shekara nawa take yi?"

"Goma sha biyar. Akwai masu ashirin da ita."

"In zif ya lalace fa, ko maɓalli ya karye?"

"Muna gyarawa a nan. Kati muke bayarwa."

"Sai dai ya kawo kawai, ba sai ya yi komai ba? Don mutumin nan ko zare bai iya zurawa a allura ba."

"Ina da tela a gida," in ji Malam.

"Kana da ita," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ya duba takardar farashi, ya ga ta ninka ta jar, ya kama wannan hujja da hannu biyu. Ya ce tsada. Ya ce kore ba ya karɓarsa. Ya ce aljihunan gefen sun yi ƙanana. Daga ƙarshe ya zo kan maganar da yake ta kewayawa.

"Ba za ta ci kayan mutum biyu ba."

"Na sani."

"To ina zan sa bargonki? Ina zan sa magungunan?"

"Malam." Ta dafa bencin kusa da ita, ya ƙi zama. "Daga inda muka sauka a mota zuwa ƙofar shagon nan sau biyu na tsaya. Kai ka ɗauka takalma nake kallo a taga. Kai ne malamin tudu, ka gaya mini tudun da ke titin nan."

Babu tudu a titin. Shimfiɗe yake kamar tebur, ya sani.

"Sai mu yi a hankali," ya ce. "Sai mu riƙa hutawa."

"Gwada jakar."

Mai shagon ta zuba kilo goma sha biyu, ta daidaita tsawon bayan da awonsa, ya goya. Bisa sabo ya je ya tsaya gaban benci, ya saki hannuwa. Tun tafiyarsu ta farko ita ke ja masa madaurai, shi aikinsa tsayuwa da ba da labari. Ya jira. Hannuwanta suna kan cinyarta, ba su motsa ba.

"'Yar'uwa, nuna masa," ta ce. "Amma kar ki taɓa, ya yi da kansa."

Mai shagon ta yi ta faɗa yana bi. Kugu ne farko, madaurin ya zauna a kan ƙashi, a ja shi sosai. Sai na kafaɗa, a ja ƙasa da baya. Sai ƙananan nan biyu da ke saman kafaɗa, masu matso da jakar jikin mutum. Na ƙirji ne ƙarshe, shi ba a shaƙe shi. Malam ya fara da na ƙirji. Aka ce ya kwance. A karo na biyu ya murɗe madaurin kugu. A na uku ya yi daidai, matarsa ta ce ya kwance duka ya sake, ta tabbatar ba sa'a ba ce.

Jakar ta zauna. Nauyin ya bar kafaɗunsa ya koma kugu da ƙafafu, ta manne a bayansa kamar da shi aka yanka ta. Ya so ƙwarai a ce tana cizonsa a wani wuri. Ya girgiza kafaɗa, ya sunkuya, ya miƙe, bai sami inda zai yi ƙorafi ba.

"Zagaya shagon," in ji mai shagon.

Ya bi layin tantuna zuwa ƙarshe. A bangon can akwai dogon madubi, da ya zo juyawa sai ya hango benci a cikinsa. Ta jingina kai da bango, ido a rufe, hannu ɗaya dafe da ƙirji, tana jan numfashi ta baki da sauri-sauri, irin na wanda ya daɗe yana riƙe shi don kada a ji. Ya tsaya yana karanta bayanin wani murhun tafiya da ba ya bukata, tun daga sama har adireshin masana'anta. Sai da ya ga ta buɗe ido ta gyara zama sannan ya dawo.

"Tana ɗan matsa mini nan," ya ce wa mai shagon, yana nuna kafaɗar hagu.

Ta zura yatsa ƙarƙashin madaurin, ta kalle shi, ta yi ƙasa da murya. "Ba ta matsa ka, Malam."

Ya kwance madaurin ƙirji. "To, a cire yashin."

Ya biya bai nemi ragi ba, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Mai shagon ta ɗauko katin gyara da biro.

"Lambar waya?"

Ya fara karanto ta matarsa ba tare da tunani ba, don ita ce lambar da yake bayarwa a ko'ina, wurin mai gyaran firji, asibiti, ofishin makaranta. Ya kai ta biyar ya tsaya. 

"Soke wannan," ya ce. "Rubuta tawa."

Mai shagon ta soke, ta jira. Ya buɗe baki, ya ga bai haddace ta ba. Bai taɓa bukata ba. Ya shiga laluben aljihu yana neman wayar, ya ciro makulli, ya ciro guntun alli.

"Bar shi," in ji matarsa daga benci. Ta karanta wa mai shagon lambar tasa, uku-uku, tana hutawa a tsakani.