Mai Kiran Sunan Mas'udu

A gidan Hajiya Suwaibatu da ke Ƙanƙara, abu ɗaya ne kaɗai ke kiran Mas'udu da sunansa, kuma abin ba mutum ba ne. Shi ne ɗan farin Hajiya, don haka tun ranar suna ba ta taɓa ɗora sunan a harshenta ba. In za ta kira shi sai ta ce "Kai," in za ta yi zancensa sai ta ce "yaron ga," ko da furfura ta fara fito masa a gemu. Matarsa Mansura kuwa Baban Fiddausi take cewa. Ma'aikatansa su ce Alhaji. Sai wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi da ke kan akwati a ɗakin Mansura, ita ce kullum bayan sallar asuba take buɗe baki ba kunya ba kara, ta ce, "Barka da asuba, Mas'udu. Ga aikin yau."

Abincin kaji yake haɗawa. Yana da injina a bayan gari, inda ake niƙa masara da waken soya, a gauraya da dusa da sauran sinadarai, a ɗura a buhu. Mutum ne mai tsanar aikin kan-ta-waye, kullum maganarsa ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa ya je Kano ya ɗauko wani Salim ya kafa masa manhaja a kwamfutar ofis. Ma'aikata suka yi ta dariya, suka sa mata suna Akawu, sunan kuwa ya bi ta.

To amma Akawu ba abin dariya ba ne. Ya san abin da ya rage a sito, ya san masu kajin da suka yi oda daga Funtuwa da Malumfashi da ranar da kowa ke jira. Shi zai ce yau na 'yan tsaki za a niƙa, gobe na masu ƙwai, jibi a kashe inji a canza masa mai. Kafin masara ta ƙare ya tura wa dillalan Tafoki saƙo. In masarar bana ta fi ta bara danshi, ya gyara awon haɗin da kansa. Abu ɗaya yake jira kafin ya motsa: Mas'udu ya ɗora babban yatsansa a kan wayarsa ya amince. Shi Mas'udun ne ya sa aka koya masa gaisuwa da Hausa, aka haɗa shi da tsohuwar wayar gida, don ya riƙa jin aikin ranar yana shan koko. Ranar da Hajiya ta fara ji ta riƙe baki ta ce, "Abin ga ba shi da tarbiyya."

Da farkon damina Mas'udu ya tafi Damari ganin manoman da ke noma masa waken soya. Motar aka tarar a gefen hanya, ƙofa a buɗe, takalminsa ɗaya a ƙasa. Mutanen daji sun kira sau ɗaya, aka jiyo muryarsa can nesa, daga nan layin ya mutu, bai sake shiga ba.

Ba gawa, ba jana'iza, ba takaba. Masu zuwa jaje su zauna a tabarma suna laluben abin faɗa, an rasa mai cewa Allah ya jiƙansa, sai dai Allah ya bayyana shi. Da aka kwana biyu masu zuwan suka ragu, suka ɗauke ƙafa. Mansura ba ta yi kukan da mata suka zo gani ba, har wasu suka tafi da ita a baki. Oho musu. Ita dai tana tashi, ta hura wuta, ta yi wa Fiddausi shirin makaranta, ta tuƙa tuwo. Ko miya ta ji gishiri ko ba ta ji ba, sai in an faɗa mata. In aka ce ta yi haƙuri ta ce to, in aka ce ta ci abinci ta ce to.

Injin kuwa bai tsaya ba ko na yini. Kafin tafiyarsa Mas'udu ya amince da tsarin aiki har ƙarshen damina, don haka kullum Akawu ya fitar da aikin ranar, ma'aikata su bi, mota ta ɗauki kaya. Mutum yana daji, ko yana ƙasa, Allah masani, amma umarninsa ake bi a bayan gari. Wayar kan akwati ma ba ta fasa gaisuwa ba, don ba wanda ya gaya mata komai.

A nan ne Hajiya ta tsiro da wata ɗabi'a. Da ta idar da sallah sai ta jawo carbinta ta zo ƙofar ɗakin surukarta, wai garwashi take nema, wai ƙafarta ke ciwo bari ta ɗan zauna. Ta zauna a kan turmi, fuskarta na kallon wani gefe. Wayar ta ce, "Barka da asuba, Mas'udu." Hajiya ta ɗan ƙara jan carbi, sannan ta miƙe ta koma ɗakinta, garwashin ma ta manta da shi. Mansura ta gane, sai ta riƙa ƙara wa wayar murya, tana ɗage labule. Ba wadda ta taɓa yi wa 'yar'uwarta zancen.

Lokacin kaka ya shigo, gaisuwar ta sake wutsiya. "Barka da asuba, Mas'udu. Sabon tsari yana jiran amincewarka." Gobe haka, jibi haka. Yatsan da ake jira yana daji tare da wayar da za a ɗora shi a kai.

Wata ranar Laraba da hantsi Baba Ɗanlahadi ya yi sallama a zaure. Shi ne babban mai kula da injina, mutumin Ketare, dattijo mai zuwa coci, tun ranar da aka kafa injin farko yake tare da Mas'udu. Mansura ta yafa mayafi ta tsaya daga bakin ƙofa. Suka gaisa, ya tambayi Hajiya, ya tambayi yarinya, yana murza hularsa.

"Uwar gida, ban so in zo da wagga magana ba," ya ce. "Aikin da Alhaji ya bari ya ƙare. Mun gwada haɗawa da ka, ni da yara. Wallahi ba ya zama. Masarar bana daban take, ni kuma kaina ba ya riƙe awon. Mai kajin Malumfashi ya bugo yana ta faɗa, wai kajinshi sun rage ƙwai."

"To," in ji Mansura.

"Sabuwar masara ta fito Tafoki, 'yan Kano na kwasa. Akawu bai tura wa dillalanmu ko harafi ba, yana jiran Alhaji. Yara na zaune gindin darbejiya suna dara, biyu sun tahi haƙar ma'adini. In makon ga ya wuce ba mu sayi ta shekara ba, sai dai a sa kwaɗo a ƙofa."

"To, Baba."

Ya ɗago ya dube ta, ko zai ga wani abu a fuskar, bai ga komai ba. Ta san abin da bai faɗa ba. Tuwon gidan nan daga injin yake fitowa, da maganin ƙafar Hajiya, da makarantar Fiddausi, da tukwanen gidajen ma'aikatan da ke gindin darbejiya.

Bayan azahar ta nemo lambar Salim ta kira. Ya yi mata jaje doguwa, irin ta mutanen birni, sannan ya zo kan magana. Ya ce Alhaji da kansa ya sa aka ɗaure abin haka, mai amincewa mutum ɗaya, don kada wani ya taɓa haɗin a bayan idonsa. Hanya ɗaya ce: a rufe sunansa, a buɗe na wani. Ita ce Alhaji ya rubuta a matsayin mai tsaya masa, don haka ita za ta je ofis ta ɗora yatsa.

"Ba za a bar sunan ba, a ƙara nawa a ƙasa?"

"Ba ya karɓa, ranki ya daɗe. Amma ba gogewa za a yi ba, rufewa ce kawai. In ya dawo..." Ya yi tari. "Ranar da ya dawo, nan take zan mayar."

"Gaisuwar safe fa?"

Salim bai gane ba, sai da ta yi masa bayani a taƙaice. Ya ce ai mai aikin yake gaisarwa, duk wanda ke riƙe da shi. Amma in tana so, zai naɗo mata tsohuwar muryar, ta riƙa kunnawa da safe. Mansura ta dubi ɗakin Hajiya ta tsakar gida. Tsohuwar da ta haifi bakwai ta binne uku, ita za a kunna wa faifai kamar ana rarrashin ɗan yaye? Ta ce masa a'a, ya bari, ta gode.

Washegari ta hau babur ɗin haya zuwa bayan gari. Rabonta da wurin tun bikin buɗewa. Shiru ya yi yawa, har kukan kurciya ake ji a kan rufin sito. Ma'aikata suka watsar da dara suka miƙe suna gaishe ta. Baba Ɗanlahadi ya buɗe mata ofis ya tsaya a waje. Ga kujerarsa, ga kofin shayinsa an wanke an kife, ga dardumarsa a naɗe a kan taga. Ta tsaya ta jira ko ƙirjinta zai yi wani abu. Bai yi ba. Ƙura ce kawai ta sa ta atishawa.

Ta kira Salim, yana faɗa tana dannawa. Kwamfutar ta nuna sunan da manyan baƙaƙe, ta tambaya ko an tabbata. Mansura ta karanta sunan a zuci, don ko a nan ba ta iya furta shi ba. Ta danna. Ta ɗora yatsa a wayarta inda aka ce ta ɗora. Shi ke nan, ko minti bai cika ba.

Kai, Akawu ba shi da ta ido! Ko ɗan jim na ladabi bai yi ba. Nan take ya zubo aikin wata guda: a sayi masara a Tafoki kafin kasuwa ta tashi, a fara da na masu ƙwai saboda mutumin Malumfashi, ga sabon awo daidai da danshin bana, ranar Asabar a huta a duba bel ɗin babban inji. Can ƙasa ya rubuta a je Damari a ɗauko waken soya, gurbin sunan mai zuwa kuma fari fat. Ta daɗe tana kallon gurbin. Baba Ɗanlahadi ya leƙo ya gani, ya ce a hankali manoman za su iya kawowa kasuwar Sabuwa, ba sai kowa ya bi waccan hanya ba. Ta ce to, ta gyara, ta amince. Kafin ta kai bakin titi ta ji injin ya tashi a bayanta, ƙasa na rawa ƙarƙashin takalminta.

Ta yi niyyar gaya wa Hajiya da la'asar. Ta kai mata fura, ta tsaya, Hajiya ta ce lafiya, ta ce lafiya lau. Ta sake niyya da magariba, sai ta tarar tana lazimi. Ta ce wa kanta za ta kashe wayar kawai, a ce caji ya ƙare. Amma gobe fa, da jibi? Ta bar ta a kan akwati yadda take.

Da asuba Hajiya ta zo kamar kullum, tana jan ƙafa. Yau ma wai garwashi. Ta zauna a kan turmi, ta juya fuska wajen rijiya. Mansura na zaune bakin gado, hannayenta a kan cinya. Labulen a ɗage yake, don hannunta ya riga ya saba.

"Barka da asuba, Mansura," in ji wayar. "Ga aikin yau."

Ta ci gaba da lissafo na masu ƙwai da motar Tafoki, ba mai saurare, har ta gama ta yi shiru. Carbin Hajiya ya tsaya. Zakaran maƙwabta ya yi cara, wani ya wuce a waje yana tura baro. Mansura ta jira faɗa, ko kuka, ko a tambaye ta wa ya ba ta izini. Ta ji ko wanne ya zo daidai ne.

"Ke," in ji Hajiya, ba ta juyo ba. "An gaishe ki. Ba ki amsawa?"

Mansura ta buɗe baki, ta ce, "Lafiya lau," da wata murya kamar ta aro.

Hajiya ta gyaɗa kai. Ba ta tashi ba kamar yadda ta saba. Ta zauna tana kallon ƙofar zaure, inda yakan shigo daga masallaci yana kaɗa makullin mota, har gari ya fara haske. Sannan ta gyara zama, ta share bakinta da gefen mayafi.

"Barka da asuba, Mas'udu," ta ce.

Sunan ya fito mata a karkace, kamar na baƙo, don ba ta taɓa gwada shi ba. Ta sake faɗa, a hankali, ya zauna daidai. A nan ne Mansura ta ji abin da ta yi wata da watanni tana jira ya taso mata tun daga ciki, ta dafe bakin gado da hannu biyu.