Usur ɗin Jirgin Kwal

Da ɗan sanda ya kwance buhun a gaban alƙali, Malam Datti ya gane abin tun kafin a miƙo masa. Usur ne na tagulla, irin na kan jirgin ƙasa mai kwal. Shekara goma sha tara ya yi yana zuba wa irin wannan jirgi kwal tsakanin Kano da Nguru, daga baya aka sallame shi lokacin tsuke bakin aljihu, ya dawo Kabo noma. Shi ya sa kotu ta aika masa ya zo Gwarzo.

Mai ƙara Alhaji Dabo ne, ɗan kwangilar da ya sayi tsofaffin kawunan jirgi a gwanjo, yana yanka su a filinsa. Da safe Malam Datti ya bi ta wurin. Ya ga an farke cikin tukunyar jirgi da wutar walda, awaki na kwance a ɗakin direba, wani ma ya yi bayan gida a gindin ƙafafun jirgin. Sai da ya toshe hanci.

Wanda ake ƙara kuwa Bappa ne, mai amalanke daga Lakwaya. Yana durƙushe, ya cusa hannunsa na dama cikin riga.

"Malam, mene ne wannan?" in ji alƙali.

"Allah ya gafarta malam, muryar jirgi ce. In direba ya ja igiya muna dosar tasha, mata sai su fito da fura, yara su biyo mu a guje. Kowane direba da irin busarsa, matarsa na cikin gida za ta san shi ne. Ni da tsumma da toka nake goge..."

"Ba tarihi muke nema ba," alƙali ya katse shi. "Bappa ya amsa ya ɗauka. Abin da ya rage, darajarsa ta kai nisabin da ake yanke hannu?"

Alhaji Dabo ya gyara babbar riga. "Kayan Ingila ne fa, Malam. Kai ka sani."

Malam Datti ya juya usur ɗin. Ya yi kore, an kwankwatsa bakinsa da guduma wajen cirewa. Ya ɗan riƙe shi a ƙirji, sannan ya ajiye a ƙasa.

"Ba tururi, ba jirgi, ba mai saye sai a kan sikeli. Tarkace ne."

Aka rubuta. Alƙali ya yanke wa Bappa bulala goma, ya ce a mayar wa mai kaya kayansa. Alhaji ya ja tsaki, ya wurga usur ɗin bayan a-kori-kura, cikin guntayen rodi.

A bakin kotu Bappa ya zube gaban Malam Datti yana godiya.

"Tashi. Me ka so yi da shi?"

"Baba, maƙera zan kai wa. Sun ce zai yi awarwaro da yawa."

Malam Datti ya ɗauki butar masallaci ya kurkure baki har sau uku. Ya shiga motar Kabo. Ya yi ta laluben inda ya yi ƙarya a gaban alƙali, ko ya samu abin yi wa istigfari. Har suka isa bai samu ba.