Kaji a Ƙarƙashin Kwando

Kaji uku suka ruga a fuskar gilashin, kowace ta shige ƙarƙashin kwando. Hope ta ɗaga yatsa, ta tsaya. Ta manta inda farar ta shiga.

Tun da sanƙarau ya kwantar da ita bara, haka take. A aike ta sayen gishiri bakin layi, sai ta dawo tana tambayar me aka ce. Shi ya sa da masu bincike daga jami'a suka zo cocinsu a unguwar Romi neman yaran da ciwon ya taɓa, Martha, uwarta, ce ta fara miƙewa. Suka ba ta kwamfutar hannu mai wasan kaji, suka ce suna gwada ko zai farfaɗo da ƙwaƙwalwa. Sharaɗi ɗaya ne: yarinya ta yi da kanta, in ba haka ba a cire ta daga gwajin.

Ranar farko Hope ta yi ta kuka har ta shiɗe. Martha ta ajiye yankan alayyafo, ta kama ɗan yatsan Hope, ta ɗora a kan kwandon da ya dace. Sau ɗaya kawai, in ji zuciyarta.

Ashe wasan yana da ido. Duk wanda ya ci, sai ya ƙara masa wuya. Kaji suka yawaita, kwanduna suka fara musayar wuri. Inda Hope take iya taɓukawa a da, ya wuce, kuma babu hanyar komawa baya. Kullum sai Martha ta ce gobe za ta sake ta ta yi da kanta, gobe kuma wasan ya fi na yau tsauri.

Ran Asabar Malam Ɗahiru, mai zagayen duba yaran, ya tsallako gada zuwa gidansu yana fara'a. Ya ce a duk yaran babu wanda ya kamo ƙafar Hope. Waɗanda suka warware haka za a sallame su, a kai na'urar ga wani yaro a unguwar Trikania.

Martha ta duba tabarma. In ta yi magana a cire Hope, in ta yi shiru a sallame ta.

"Maman Hope, kin yi ƙoƙari," in ji shi. Ya durƙusa, ya kunna wasan. "To 'yata, nuna mini."

Kaji suka watse, kwanduna suka juya. Hope ba ta ko dubi gilashin ba. Ta waiwayo, ta miƙa wa uwarta yatsa.