Babur ɗin da ban taɓa hawa ba

Alhaji Babayo ne ya kai ni birnin Guangzhou na ƙasar China a shekarar 1998 don in koyi sarin kaya. Karatuna bai yi nisa ba, amma ya ce shi ba boko yake nema ba, yaron da ba ya kusantar haram yake so. In ya gamsu da ni, ni zai bar wa sarin China gaba ɗaya. Tankari, abokina tun muna yara a Fagge, ya riga ni zuwa, shi ma yaron Alhaji ne. Ɗakinmu ɗaya, kwanonmu ɗaya.

Wata Lahadi da hantsi mun fito daga kasuwar Shisanhang, sai muka tarar da wani fili cike maƙil da mutane. An kafa dandamali, an jera motoci da babura da firji a kai. Ƙasa kuwa duk yagaggun katuna.

Na ce, "Wannan fa?"

Tankari ya ce, "Cacar gwamnati ce. A nan an hana caca, sai wadda hukuma ta shirya da kanta, wai ribar ta marayu da gajiyayyu ce. Ka sayi kati, ka kankare, in ka dace shi ke nan."

"Ai caca caca ce."

"To liman, riƙe min jakata, kada ladanka ya zube."

Ya kutsa ya sayo, ya kankare da farce. Sai kuwa ya dace. Babur ya ci.

Ya jawo ni gefe. "Maharazu, ɗan'uwa, ba sa bayarwa sai da fasfo, nawa kuma yana masauki. Kai dai miƙa musu katin da naka, ka sa hannu, mu wuce."

Ban so ba, amma ban iya ce wa Tankari a'a ba. Abin da bai gaya min ba shi ne ƙa'idarsu: wanda ya kawo kati shi ne ya ci, kuma sai an nuna shi ga jama'a don kowa ya shaida ba maguɗi. Kafin in ankara an hau da ni dandamali, an rataya min jan ƙyalle a kafaɗa, ana kaɗa ganguna, ana kiran sunana a lasifika a karkace. Baƙar fata ya ci babur! Masu hoto suka yi caa a kaina. Na duba ƙasa ban ga Tankari ba, sai da aka watse ya ɓullo. A ranar ya sayar da babur ɗin.

A bas ya buɗe jakar da na riƙe masa, sai ga koren fasfonsa a ciki. Ya ce, "Au, ashe yana nan." Ya yi dariya, ni ma na taya shi.

Ran Laraba muka raka Alhaji kasuwar Shahe. Wani mai shago na hango mu ya ɗauko jarida yana murna, yana nuna hotona, yana ɗaga wa Alhaji babban yatsa.

Alhaji ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Maharazu, caca?"

Na juya na kalli Tankari, ina jiran ya yi magana. Ya kuwa yi.

"Alhaji, ba yadda ban yi da shi ba. Ka yi masa haƙuri, yarinta ce."

Fuskata ce a jarida, sunana ne, sa hannuna ne. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Ba ni na saya ba." Alhaji bai ko kalle ni ba, ya naɗe jaridar ya sa a aljihu.

A makon ya yanka min tikitin komawa Kano, sarin kuma ya damƙa wa Tankari.

Shi ya raka ni filin jirgi, har da ɗaukar min jaka. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗata, daidai inda aka rataya ƙyallen nan, ya ce in gaida masa su Inna.

Na ce za su ji.