Ranar da Na Bar Baba a Kan Teku

Daga Taipei zuwa Fuzhou bai kai kilomita ɗari uku ba, teku ne kawai a tsakani, amma sai da Baba ya shekara arba'in bai taka garinsu ba, don an rufe hanya bayan yaƙi. Ya bar Fuzhou yana ɗan soja mai shekara sha tara. Da aka buɗe hanya kuma, sai aka ce dole a zagaya ta Hong Kong. Mukan fita da sassafe, mu isa ana kunna fitilu. Ni ce 'yar rakiyarsa, kuma har yau ina kewar waccan wahalar. A filin jirgin Hong Kong yakan baje dafaffen ƙwai da shayi a kan benci, tsofaffin sojoji su kewaye shi, a yi ta musu kan garin wa ya fi iya miyar kifi.

Bara muka mayar da shi gida a jirgin da ke tafiya kai tsaye, awa ɗaya da ɗoriya. Ya rasu, an ƙona gawarsa bisa al'adarmu, tokarsa tana cikin ƙaramin tulu a kan cinyata. Kafin mu fita Mama ta ja mini kunne.

"Peiyun, duk gadar da za ku hau, duk ruwan da za ku ƙetare, ki gaya masa. In ba ki kira shi ba, nan zai tsaya. Musamman tekun nan."

Na kuwa yi. "Baba, za mu shiga mota." "Baba, ga gada." Yayana Guorong, wanda ko turaren ibada sai Mama ta tsare shi yake kunnawa, sai tsokanata yake.

"Ki ce masa ya ɗaura bel, kada ma'aikaciyar jirgi ta yi masa faɗa."

"Yaya, ka yi mana shiru. Da yana nan da tuni ka sha ranƙwashi."

Jirgi ya tashi, gajimare ya rufe ko'ina. Na ce bari in ga ruwan da idona tukuna. Jikina ya saba da doguwar tafiya, a raina akwai sauran lokaci. Aka kawo shayi, na shiga ba Yaya labarin ranar da Baba ya hana wani bature wucewa sai ya ci ƙwai. Ban kai ƙarshe ba aka ce za mu sauka. Na leƙa, sai ga tsaunuka da gonaki. Mun wuce tekun ban ce wa Baba uffan ba.

Tekun da ya tsare shi rabin rayuwarsa, a kansa na bar shi, saboda surutuna.

Gwaggo, ƙanwar Baba, tana jiranmu a ƙofar fita, ta dogara sanda. Shekararta shida lokacin da ya tafi soja. Ko gaishe ta ban yi ba, na fashe da kuka na gaya mata.

Ta karɓi tulun ta rungume. "Share hawayenki, 'yar nan. Ta ina tekun yake?"

Guorong ya nuna mata. Ta juya a tsakiyar jama'a, ta fuskanci wani bango mai tallan waya, ta ɗaga murya ta kira Baba da harshen garinsu.

"Yaya, ni ce. Ƙetaro. Ba sai ka zagaya ba, ba mai tambayarka takarda. Ƙetaro kawai, na ɗora miya."

Ta ɗan saurara. Sannan ta miƙa wa Guorong sandarta, ta gyara riƙon tulun.

"Mu je a hankali," in ji ta. "Ya tsufa, kada mu bar shi a baya."