Hannun Sarkin Aska

Murna ta matsa man nan mai sanyi a kafaɗar Attahiru, ta ɗora kan na'urar, ta shiga zagayawa da shi a hankali kamar mai goge tasa. Ultrason take ce wa abin. Ta ce wani sauti ne da kunne ba ya ji, yana ratsa fata ya ɗumama nama can ciki, ya sassauta ciwon gaɓa. Attahiru bai taɓa jin sautin ba, ɗumin ma sai ya yi wa kansa ƙarya yake jin sa. Wata huɗu ke nan duk Laraba yana tasowa daga ƙauyensu, bayan Barmu, ya zo wannan ƙaramin gidan likita na Tawa a shafa masa yauƙi a goge.

"Yau ba ka ba ni labari ba, Baba," in ji Murna.

"Yau baƙi gare ni."

Shekara talatin da ɗaya yana Sarkin Askan garinsu. Hawan jini ya kayar da shi wata ranar kasuwa, ya bar wani bawan Allah da rabin kai a aske. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun dama ya dunƙule kamar yana ɓoye goro, ya ƙi buɗewa. Mutane suka yi mako biyu suna zuwa dubiya, daidai yadda suka yi lokacin rasuwar matarsa Sharifa. Daga nan gashi ya ci gaba da tsirowa a kawunansu, suka koma wajen ƙanensa Muktari.

Wannan bai dame shi sosai ba. Askin kasuwa kowa ma ya yi. Amma sarauta tana tare da zabira, jakar fatar nan ta ubansu mai asake bakwai da ƙaho da dutsen wasa, kuma wanda ke riƙe da ita shi ke aske duk jaririn da aka haifa a gidan maigari. An haifa wa maigari jika namiji, jibi suna. Maigari ya ce ba zai yanke hukunci da jita-jita ba. Ya aiko wakilinsa Alƙasum, tare da Muktari, su zo Tawa su ga hannun. In yana riƙe aska, shi ke nan. In ba ya riƙewa, zabira ta koma wajen ƙane.

Murna ta goge masa kafaɗa, ta jawo ɗaya na'urar, ƙarama kamar rediyon aljihu. Ta naɗe masa hannun riga, ta manna 'yan faifai biyu a bayan damtsen hannun, ta haɗa igiyoyinsu, ta murɗa. Wutar lantarki ta fara da tafiyar kiyashi, sannan ta cije. Yatsun nan biyar suka miƙe, tafin hannu ya buɗe sarai kamar na mai roƙo. Wutar ta yanke, suka koma suka dunƙule.

Attahiru ya san wannan kiɗan kamar sallarsa. Ƙirga biyar hannu a buɗe, ƙirga goma yana hutawa, sannan ta sake cizo. Minti goma sha biyar ake yi haka.

"Ɗiyata," ya ce, "in baƙin nan sun shigo, ki ce musu hannun ya tashi."

"Bai tashi ba, Baba."

"Ga shi yana buɗewa."

"Ni ke buɗe shi da wuta, don kada naman ya manta aikinsa. Ranar da ka buɗe shi da kanka, ni zan fara yi maka guɗa."

"Kalma ɗaya ce. Ko a addininku ba a taimakon tsoho?"

Murna Kirista ce, daga wajen Maraɗi iyayenta suka zo koyarwa, kuma ta saba da wannan tambayar daga bakin masu neman a karya musu doka. Ta gyara zaman igiyar ba ta dube shi ba.

"Ba zan yi musu ƙarya ba. Ba kuma zan gaya musu komai ba, ciwonka sirrinka ne. Iyakata ke nan." Ta ga yana ƙoƙarin jan yatsun da hagu, ta buge masa hannu. "Na hana ka ja. In ka ja shi ƙara ƙanƙamewa yake."

Aka kira ta ɗakin gaba, wata mata mai gwiwa tana jira. Ta ce tana dawowa in lokaci ya cika.

Gaskiyar mutanen kirki takan bar ƙofa a buɗe ta tafi abinta. Attahiru ya sauke faffaɗan hannun rigarsa ya rufe faifan. Ya ɗauki zabira da hagu, ya ɗora ta bisa na'urar da ke kan ɗan tebur, ya fito da aska ɗaya ya ajiye a gefe. Igiyar ta rage, taƙi guda, baƙa, tsakanin bakin riga da tebur. Ya tura ta iya turawa. Sannan ya aika a shigo da baƙin.

Alƙasum ne a gaba, dogon tsoho mai tabarau, wanda Attahiru ya aske wa kai tun yana da gashin askewa. Muktari na biye da shi cikin sabuwar shadda.

"Sarkin Aska, maigari na gaishe ka."

"Ina amsawa. Wa ya yi maka wanga aski, Alƙasum? Ko akuya ta yi kiwo a kanka?"

"Tambayi ƙanenka. Kwana uku ina kwana rub da ciki saboda ƙeya."

Muktari ya yi murmushi. Attahiru ya rufe hannun da na hagu yana ta ƙirga a zuci. Bakwai. Takwas.

"To, kun taho ganin hannu. Miƙo mini askar can."

Goma. Wutar ta cije, ya janye hagunsa, yatsu suka buɗe a gaban idon Alƙasum. Alƙasum ya ɗora masa ƙotar aska a tafi. Wutar ta yanke, yatsu suka rufe a kanta ruf. Attahiru ya tallafi gwiwar hannun kamar mai gyara zama, ya ɗaga askar ta sha hasken taga, yana ba da labarin yadda ubansu ya saye ta wajen wani maƙerin Buzaye a Takanamat. Labarin ya yi daidai ƙirga goma.

"Karɓi abinka," ya ce, yatsun suka buɗe.

Alƙasum ya karɓa, ya cire tabarau ya goge ido da bakin rawani. "Alhamdu lillahi. Wallahi ban so in koma da wani labari ba."

A nan ne Attahiru ya ga idon Muktari ya sauka a kan igiyar. Ya tsaya a kanta, ya bi ta har ƙarƙashin zabira, ya dawo.

Muktari ya yi taku biyu, ya tsaya tsakanin Alƙasum da teburin, shaddarsa ta rufe komai.

"Allah mai iko," ya ce. "Yaya ya warke. Baba Alƙasum, kira maigari tun nan, kada a bar shi cikin zullumi."

Alƙasum ya fito da waya ya fita waje yana ɗaga murya, Muktari ya bi shi. Attahiru ya zauna, hannun yana buɗewa yana rufewa shi kaɗai cikin riga. Ya tuna shekarar yunwa da ya goyi Muktari daga ƙauye har Kalfu, yaron yana yi masa fitsari a baya. Ya ce a ransa ashe jini bai ƙarya. Har ya ji kunyar abubuwan da ya raya game da shi wata huɗun nan.

Murna ta dawo. Ta ga zabira bisa na'ura, ta ga hannun riga a sauke. Ta ɗaga zabirar ta kashe wutar, ta ɓamɓare faifan ɗaya bayan ɗaya.

"Me ka yi, Baba?"

"Abin da kika ƙi."

"Hannun nan yana iya ɗan dawowa nan da shekara, ka ɗauki cokali, ka riƙe buta. Aska a kan mutum, ban ce maka ba."

"Ban tambaye ki ba, Madam."

"Laraba ƙarfe tara," ta ce, ta juya tana wanke hannu.

Rana ta take lokacin da suka isa tasha. Motar Barmu saura mutum biyar ta cika. Suka sami benci ƙarƙashin rumfar mai shayi, Alƙasum ya ce bari ya yi azahar ya sayo wa maigari goro. Muktari ya matso kusa da wansa, ya karkaɗe ƙura daga gefen shaddarsa.

"Igiyarka ta leƙo, Yaya."

"Na san ka gani. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini."

"Rufa asiri?" Muktari ya yi 'yar dariya ta hanci. "Da na yi magana can, mi za a ce? Ƙane ya tona wansa gaban baƙo saboda jakar fata. Har in mutu ana nuna ni da baki. Yanzu kuwa maigari ya ji ka warke, gari duka ya ji. Jibi da hantsi za a aza maka jariri bisa cinya, ga liman, ga dattawa, ga mata na leƙe ta zana. Babu Madam, babu wuta."

Attahiru ya gyara zaman zabirar a kafaɗarsa.

"Ka fi ni sanin maɗiga, Yaya. Kai ka koya mini."

Ya san ta. Wurin nan mai taushi a tsakiyar kan jariri inda ƙashi bai haɗe ba, yana bugawa ƙarƙashin babban yatsa kamar cikin ɗan tsako. Nan ake sassauta aska har ta zama numfashi. Jarirai nawa suka bi ta cinyarsa, bai taɓa fitar da ɗigon jini ba. Kuma ya gwada hagu a ɓoye, a ɗakin da babu mai shiga tun rasuwar Sharifa, a jikin duma. Duman yana nan ƙarƙashin gado da tsaga goma sha.

"Shekara talatin ina ɗaukar maka dutsen wasa," in ji Muktari, muryarsa ƙasa ƙasa kamar mai jaje. "Ina da jikoki ana ce mini yaron Sarkin Aska. Zaɓi naka ne. Ko ka yanka jikan maigari jibi, ko ka ba ni zabirar yau da bakinka."

Mai shayi yana ta fifita gawayi. Wata mata ta wuce da tiren albasa. Attahiru ya daɗe yana kallon hannun da ke kwance a cinyarsa kamar kayan wani da aka ba shi ajiya.

Alƙasum ya dawo da ƙunshin goro, fuskarsa a sake.

"Alƙasum, sake kiran maigari."

"Lahiya?"

"Ƙarya na yi maka. Wutar likita ce ta buɗe hannun, na ɓoye ta cikin riga. Ba ya riƙe komi."

Alƙasum ya tsaya da goron a hannu. Ya dubi Attahiru ta saman tabarau, irin kallon da ake yi wa abinci in an ga ƙuda a ciki.

"Ni ka sa na yi wa maigari rantsuwa?"

"Ni na sa ka."

Attahiru ya cire zabirar daga kafaɗa, ya miƙa wa ƙanensa. Muktari ya miƙe tsaye, ya mayar da hannayensa biyu baya.

"Subhanallahi, Yaya. Zabirar Baba da hagu?" Ya ɗaga murya yadda na bencin gaba za su ji. "Ina tsaye ranar da Baba ya ba ka ita. Da dama ya ba ka. Ko sadaka ba a ba da ita da hagu, bale gado. Baba Alƙasum, ko na yi ƙarya?"

"Haka al'ada take," in ji Alƙasum, yana kallon wani wuri.

Masu jiran mota suka juyo. Mai shayi ya bar fifita.

Attahiru ya ajiye zabirar a cinya. Ya sa hagu ya ɓamɓare yatsun dama ɗaya bayan ɗaya, ya cusa maratayin fatar a tsakaninsu, suka koma suka rufe. Ya kama wuyan hannun, ya ɗaga shi sama da nauyin asake bakwai da ƙaho da dutse, kafaɗar da aka sha yi wa guga tana sukarsa har wuya. Ya miƙa.

Muktari ya sa hannu biyu, da ladabi, ya kama zabirar ya ja. Ba ta fito ba. Ya ƙara ja, yatsun suka ƙara ƙanƙamewa, farcen ya shige cikin fatar.

"Tsoho, saki mana, tun da ka ce ka ba shi," in ji kamashon mota. Wani ya yi dariya, wasu suka taya shi.

Muktari ya daina ja, amma bai saki ba. Ya juya ga jama'a da fuskar mai haƙuri.

"Kun dai gani. Baki ya ba da, hannu ya hana."

Attahiru bai ji sauran ba. Idonsa na kan yatsunsa, leɓɓansa na motsi. Ya kai takwas, ya kai tara, ya kai goma, ya jira cizon. Sai ya koma ɗaya.